Karya farashi da cin riba a kasuwancin na'urorin gem: yadda abin yake da hukuncinsa

Tambaya:

 Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan shago a Bata inda nake sayar da na'urorin gem irin su PlayStation, sababbi da na hannu, kuma masu gidajen gem suna sayen kaya a wurina. Na ji ana cewa kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori suna sayar da su ƙasa da abin da suka kashe, wato su faɗi da gangan. Yaya mutum zai riƙa faɗuwa kuma ya yi arziki? Shin hakan ya halatta? Ina tambaya ne domin wani maƙwabcina ya fara irin wannan, yana karya farashi yana kwashe mana masu saye. Sannan idan dala ta tashi, ya halatta in ƙara kuɗi a kan kayan da na saro tun tana ƙasa? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa:

 Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa mai tambaya, malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa. Don haka bari mu fara da yadda wannan kasuwa take tafiya, sannan hukunci ya biyo baya.

Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar a yau: Sony mai PlayStation da Nintendo, dukansu na Japan, sai Microsoft na Amurka mai Xbox. Abin da ka ji gaskiya ne, ba jita-jita ba ce. Lokacin da Sony ya fito da PlayStation 3 a 2006, ya sa wa babbar dala 599, alhali masu ƙiyasin kayan ciki sun lissafa cewa ƙera kowace ɗaya ya haura dala 800. A 2021 kuwa wata jami'ar Microsoft ta ba da shaida a gaban kotu a Amurka cewa kamfaninsu bai taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox kansa ba.

To ina ribar take? Ka dubi dikodar kallon tauraron ɗan'adam da ake sayarwa da arha a nan Kano. Mai ita bai damu da kuɗin akwatin ba, idonsa yana kan kuɗin da za ka riƙa biya duk wata. Haka na'urar gem take. Ƙofa ce kawai, kasuwar tana ciki. An ƙera ta yadda ba za ta karɓi wasa ba sai wanda kamfanin ya yarda da shi, kuma duk wanda ya shirya wasa yana son ya sayar wa masu wannan na'ura sai ya ba kamfanin kasonsa. Idan ta intanet aka sayi wasan a shagon kamfanin, abin da aka saba shi ne ya ɗauki kashi 30 cikin 100. Sabon babban wasa galibi ana sayar da shi dala 60 zuwa 70. Ka ga kenan idan yaro ya sayi wasanni goma a tsawon shekarun da na'urar za ta yi a hannunsa, ga kuɗin wata-wata na PlayStation Plus ko Game Pass, ga abin sarrafawa da ake riƙewa a hannu, wanda yara ke kira fad, da yake lalacewa ana sake saye, faɗuwar farko ta daɗe da komawa riba. Kuma kuɗin ƙera na'urar yana iya sauka da tafiyar lokaci: PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 499, kafin ƙarshen 2021 Sony ya sanar cewa ya daina faɗuwa a kanta.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya fi shafar tambayarka. Masu shirya wasanni suna bin inda jama'a suka fi yawa, jama'a kuma suna bin inda wasanni suka fi yawa, kamar yadda masu saye da masu sayarwa suke jawo juna zuwa Kantin Kwari. Wanda ya riga tara mutane ya ci kasuwa shekaru shida ko bakwai. Shi ya sa dala 100 take zama makami. A 1995 kamfanin Sega ya sa wa na'urarsa Saturn dala 399 a Amurka, Sony ya sa wa tasa 299. Sega bai sake miƙewa sosai ba, har ya bar ƙera na'urori gaba ɗaya a 2001. Haka aka maimaita a 2013: Xbox One dala 499, PlayStation 4 dala 399, kuma Sony ne ya yi rinjaye mai nisa. Nintendo shi galibi ba ya shiga wannan kokawa. Yana ƙera na'ura mai sauƙin kaya, ya ci 'yar riba tun daga akwatin, sannan ya riƙe wasanninsa irin su Mario waɗanda ba a samu a na'urar Sony ko ta Microsoft, kuma da wuya ya rage musu kuɗi.

Yanzu hukunci. Asali a ciniki shi ne halacci da yardar juna, kuma mai dukiya yana da ikon ya sayar da kayansa da riba, ko a kan uwar kuɗi, ko ƙasa da ita. Sayarwa ƙasa da uwar kuɗi fuƙaha'u sun san ta tun da, suna kiranta wadi'a, kuma sun halatta ta. Wanda ya halatta gare shi ya bayar kyauta, yaya za a hana shi rangwame? Kasancewar yana fatan riba daga wani kaya nan gaba ba ya ɓata cinikin, tun da ba a shardanta wa mai saye cewa dole sai ya sayi wasanni ba, kuma ya sani tun farko cewa faifan wannan na'ura ba ya aiki a waccan.

Sai dai akwai ƙaidi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya wuce Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, sai ya umarce shi da ya ɗaga farashinsa ko ya tashi daga kasuwar. Malikiyya sun kafa hujja da wannan cewa mai kula da kasuwa yana iya hana wanda ya saɓa wa farashin jama'a idan hakan yana cutarwa. Imamu Shafi'i kuma ya kawo ƙarin cewa Umar ya je ya sami Haɗib daga baya, ya gaya masa maganar tasa ba hukunci ba ce mai tilasci, ya sayar yadda ya ga dama. Abin da nake ganin ya haɗa ruwayoyin biyu shi ne a dubi cutarwa. Idan maƙwabcinka ya samu sari mai sauƙi, ko ya yarda da riba kaɗan a kan akwati domin ya samu a wajen gyara da kayan haɗi, wannan gasa ce ta halal, kuma masu saye sun amfana. Ba ka da hakkin kai ƙararsa don kawai kasuwarka ta ja baya. Amma idan mai jari ne da ya ƙudurta jure faɗuwa har ƙananan 'yan kasuwa su rufe shaguna, sannan ya tsawwala yadda yake so, wannan cutarwa ce da shari'a ta hana, kuma shugabannin kasuwa suna da damar shiga tsakani. Ka yi hattara da hukunta niyyarsa da zato. Alamar da ake gani a fili ita ce ya ci gaba da sayarwa ƙasa da sari tsawon lokaci, ba tare da wata ƙofar riba da aka sani ba.

Ta fuskar sana'a kuwa, kada ka kwaikwayi Sony ido rufe. Sony yana faɗuwa ne domin duk wanda ya sayi akwatin ya zama nasa. Kai wanda ya saya a wurinka yau, gobe yana iya sayen fad a Beirut Road ko ya kai gyara France Road, babu abin da ya ɗaure shi gare ka sai amana da kyakkyawar mu'amala.

Batun dala. Kayanka da dala ake sayo su, kuma Wapa ba ta da nisa da kai, ka fi ni sanin yadda allonta yake juyawa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na'urar dala 499 ta tashi daga kimanin naira 374,000 zuwa kusan 750,000, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan. Wanda ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi ba zai iya mayar da irinsa kan kanta ba, jarinsa ya narke yana ganin kamar riba yake ci. Saboda haka ya halatta ka sayar a farashin yau. Shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, kuma Annabi ya yi masa addu'ar albarka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa babu wani kaso da aka ƙayyade wa ɗan kasuwa.

Abin da ya haramta shi ne ƙarya. Kada ka ce "wallahi a kaza na saro" alhali ba haka ba ne. Idan ka faɗi uwar kuɗi, cinikin ya zama na amana, dole ka faɗi ta gaskiya. In ba ka so, ka yi shiru ka ce ga farashina. Haka nan wanda ya zo bai san kasuwa ba ya ce ka sayar masa yadda kake sayar wa mutane, kamar uba da ya zo saya wa ɗansa bai san PS4 daga PS5 ba, haramun ne ka ninka masa. Wasu Malikiyya sun auna irin wannan kamu da sulusi. Kuma adalci ne idan dala ta sauka kai ma ka sauko, ba a riƙa jin labarinta a bakinka ranar da ta hau kaɗai ba.

Ɓoye kaya don su yi tsada ya faru a wannan kasuwa ƙarara a 2020 da 2021, lokacin da PlayStation 5 ta yi ƙaranci wasu suka riƙa kwashewa suna sayarwa kusan ninki. Shafi'iyya da Hanabila sun taƙaita haramcin ɓoyewa ga abinci, Malik kuwa ya game shi ga duk abin da ɓoye shi zai cutar da jama'a. Na'urar gem ba shinkafa ba ce ba kuma magani ba, babu wanda zai tagayyara don rashinta, don haka ba zan ce ajiye kayanka haramun ne ba. Haɗa baki tsakanin 'yan kasuwa a janye kaya don a tsawwala, wannan kam ban ga halaccinsa ba.

Akwai abubuwan da ba ka tambaya ba amma sun fi karya farashi haɗari ga dukiyarka. Yawancin cinikin Bata na hannu ne. Na'urar da take zafi tana mutuwa, ko wadda aka taɓa buɗewa aka yi wa gyara, ko wadda kamfani ya toshe daga shiga intanet, wajibi ne ka bayyana. Goge ta a sa a sabon kwali a ce sabuwa ce algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin dawo da ita ko da ka rubuta a rasit cewa ba a dawo da kaya, matuƙar ka san aibin ka ɓoye. Kwanakin gwaji da kuke bayarwa abu ne mai kyau, shi ne zaɓin sharaɗi, a dai faɗi adadinsu a fili.

Sai fasa na'ura a loda mata wasannin da aka kwafa ba da izini ba. Na san da yawa a nan abincinsu yake, kuma na san wasan dala 70 ya fi ƙarfin mafi yawan mutanenmu. Amma waccan majalisa, a wancan zama na 1988, ta yanke cewa hakkin ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, ba ya halatta a keta shi, dokar ƙasa ma ta hana. Wasu malamai sun sassauta ga wanda ya kwafa don amfanin kansa, amma mayar da shi sana'a ba ya cikin sassaucin, kuma kasancewar mai hakkin ba Musulmi ba ne ba ya halatta dukiyarsa. Kana da mafita: faifai na asali na hannu halal ne saye da sayarwarsa da musayarsa, ga gyara, ga kayan haɗi, ga wasannin da masu su suka sake kyauta, kamar eFootball tun 2021.

Ka kuma yi wa masu gidajen gem da ke saye a wurinka nasiha. Karɓar kuɗi a kan kowane wasa haya ce, ta halatta idan an san kuɗin da tsawon lokacin, abin da ake bugawa babu haram a ciki, ana rufewa lokacin salla, kuma ba a tara yara lokacin makaranta. Amma al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya, caca ce, domin kowanne ya shiga tsakanin ya tsira da kuɗinsa ko ya biya wa abokinsa. Kowa ya biya nasa, ko ɗaya ya ɗauki nauyi tun kafin a fara. Haka akwatunan sa'a da ke cikin wasan ƙwallon FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, inda ake biyan kuɗi ba a san ɗan wasan da zai fito ba. Wannan garari ne bayyananne. Hukumar Beljiyam ma ta sa irinsu cikin caca a 2018, har kamfanin ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar a farkon 2019. Idan ka san mai saye don wannan yake neman katin kuɗi a wurinka, kada ka sayar masa.

Wallahu a'alam.