Filin Mata: Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Yau zancenmu a kan ƙaurace wa kamfanin mai ne, wato jama'a su haɗa baki su ƙi sayen mansa don su ladabtar da shi.

A 1995 kamfanin Shell ya yi nufin nutsar da wani tsohon rumbun mai, Brent Spar, cikin teku. Mutanen Jamus suka daina shan mai a gidajensa, ciniki ya faɗi, cikin watan Yuni ya fasa. Amma a 2010, da man BP ya malala a tekun Meziko, Amirkawa suka yi haka nan, sai sanda ta sauka a kan wasu. Ashe yawancin gidajen man na ƙananan 'yan kasuwa ne, sunan kamfani kurum suka ara.

Mu ma a Janairun 2012, da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, an yi yajin aiki har Gwamnati ta sauko 97. Amma ku tuna, lokacin noman rani ne. In gidan mai ya rufe, manomin albasa a Kwargaba ko Goronyo sai ya koma wajen 'yan bumburutu, in ba haka ba injin ban-ruwa ya tsaya. Tsadar kuwa a tukunyarki take ƙarewa.

To, uwargida, da ke 'yar makaranta, in an kira ku ƙauracewa, ku fara tambaya: gidan man na wane ne, kuma me ake so a gyara? Haza wasalam.