Blenheim: Jirgin da 'yan wasan intanet ke rainawa shi ne madugun da ya ratsa sararin ƙasar Hausa

A fadojin samari na Madawa, Buza da Keita da ke jihar Tawa, da zarar an idar da sallar isha'i an ɗora butar shayi, sai ka ga kawuna sun sunkuya kan wayoyi. Mafi yawa ƙwallon ƙafa suke bugawa, ko kuma Free Fire. Ƙalilan ne da ke da kwamfuta ko waya mai ƙarfi suke leƙa wasannin yaƙin jiragen sama irin su War Thunder, inda mutum ke tuƙa jirgin da aka taɓa yin yaƙi da shi a zahiri, yana fafatawa da wasu 'yan wasan daga ƙasashe daban-daban.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu irin wannan wasa: shin ya dace a riƙa saka jiragen da tarihi ya nuna ba su taɓuka abin kirki ba a fagen fama? Wasu na ganin ɓata lokaci ne, wasu kuma na cewa tarihi ba ya cika da gwanaye kaɗai. Gardamar ta shafe mu fiye da yadda ake zato, domin ɗaya daga cikin jiragen da aka fi yi wa dariya ya yi aikinsa mafi muhimmanci ne a sararin samaniyar wannan yanki namu.

Yadda wasan yake auna jirgi

Kamfanin Gaijin Entertainment ne ya fitar da War Thunder a shekarar 2012, kuma kyauta ake sauke shi. Ɗan wasa yana farawa da ƙananan jirage, yana tara maki daga kowane yaƙi har ya buɗe na gaba. Wanda ba shi da haƙurin jira yana iya biyan kuɗi. Kowane jirgi yana da makin ƙarfi da kamfanin ya ba shi, kuma ana haɗa shi ne da jiragen da makinsu ya yi kusa da nasa.

A nan matsalar take. Idan aka ajiye raunanan jirgi tare da sa'o'insa na shekarar da ya yi yaƙi, kakkaɓo shi za a yi ta yi kamar yadda aka yi a zahiri. Idan kuma aka sauko da shi ƙasa ya haɗu da jiragen da suka girme shi, an sauya tarihin da ake cewa ana karewa.

Ga ɗan wasan da ke ƙasar Adar, wannan magana ce ta aljihu. Kowace sa'a da ya yi a kan wasan kuɗin intanet ne, ga kuɗin cajin waya a shagon mai hasken rana idan wuta ta ɗauke. Jama'ar yankin ba su manta da watannin da Najeriya ta katse wa Nijar lantarki ba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Saboda haka idan aka tilasta wa yaro ya shafe kwanaki a cikin jirgin da ba ya gudu kafin ya kai ga wanda yake so, yana da hujjar yin ƙorafi.

Jirgin da ya tsufa da wuri

Bristol Blenheim, wanda samfurinsa na huɗu yake cikin jiragen Birtaniya na farko-farko a War Thunder, misali ne mai kyau. Jirgin da aka samo shi daga gare shi ya fara tashi a 1935, kuma a lokacin ya fi jiragen farauta na sojan saman Ingila gudu. Ya shiga aikin soja a 1937 da injina biyu, mutum uku a ciki, da bama-bamai kimanin kilo 450.

Cikin shekara uku kacal zamani ya wuce shi. Gudunsa bai kai kilomita 430 a sa'a ba, alhali Messerschmitt 109 na Jamus yana haura 550, ga bindigogin kare kansa ba su da yawa. Ranar 17 ga Mayun 1940, runduna ta 82 ta tura Blenheim 12 su kai hari a Beljiyam, guda ɗaya tak ya dawo. A watan Agustan shekarar, rundunar ta sake rasa 11 a harin Aalborg da ke Denmark. Samfuri na biyar da aka ƙara wa sulke sai ya ƙara nauyi, gudunsa ya ragu. Ranar 4 ga Disambar 1942 a Tunisiya, jiragen da Hugh Malcolm ya jagoranta sun faɗa hannun jiragen Jamus, shi kansa ya rasa ransa a harin.

Wanda ya tsaya a nan zai ce masu raina jirgin sun yi gaskiya. Sai dai labarin yana da wani ɓangare a Afirka ta Yamma.

Daga Takoradi zuwa Kano

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus, lamarin da ya sa tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya. Sojojinta da ke Masar suna bukatar jiragen sama, sai aka ɓullo da wata hanya. Ana kawo jiragen a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a harhaɗa su a can, sannan su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa El Geneina da El Fasher zuwa Khartum, daga nan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 6,000.

Ayarin farko ya tashi a watan Satumbar 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kano ta riga ta san jirgin sama tun Nuwambar 1925, lokacin da jirage uku ƙirar DH.9A suka sauka a birnin daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, amma a shekarun yaƙin ne filinta ya zama babban zango.

Jirgin farauta irin Hurricane mutum ɗaya yake ɗauka, babu mai duba masa taswira. A kan daji mai faɗi, cikin hazon hunturu da ke rufe ƙasa, matuƙi shi kaɗai yana iya ɓata har mansa ya ƙare. Don haka aka riƙa sa Blenheim a gaba, mai duba hanya yana ciki da taswira da agogo, ƙananan jiragen suna biye da shi. Duk wanda ya san ayarin fatake ko na masu ɗauko gishiri daga Bilma ya san wannan matsayi: madugu ba lallai ne ya fi kowa ƙarfi ba, amma idan ya kuskure rijiya, ayarin duka ya halaka.

Iyakar da ke kudu da Madawa

Tsakanin Madawa da Kano bai kai kilomita 400 ba a miƙe, amma a wancan lokacin garuruwan biyu suna ɓangarori daban-daban na yaƙin. Nijar, kamar sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus har zuwa Nuwambar 1942. Najeriya tana hannun Birtaniya. Chadi kuwa gwamnanta Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle tun 26 ga Agustan 1940, kuma wannan mataki ne ya buɗe wa jiragen hanyar sauka a Fort-Lamy.

Ke nan iyakar da mutanen Madawa da Bangi suke ƙetarawa zuwa kasuwannin ƙasar Sakkwato ta zama iyakar abokan gaba, matuƙan jiragen kuma dole su tsaya kudu da ita. Talakawan Adar sun ɗanɗana yaƙin ta hanyar karɓar hatsi da dabbobi da ɗibar samari soja, ga aikin dole da sai a 1946 aka soke shi a doka.

Faransawan da suka bi de Gaulle ma sun yi amfani da Blenheim daga Chadi. Da shi suka kai hari kan sansanin Italiyawa na Kufra a kudancin Libiya a Fabrairun 1941, kafin Leclerc ya karɓe wurin ranar 1 ga Maris. Ɗaya daga cikin jiragen ya ɓata a hanyar dawowa, ba a gano shi da gawarwakin mutanensa uku ba sai a 1959, a cikin hamadar arewacin Chadi. Jamusawa sun fahimci muhimmancin hanyar, har suka turo jirgin Heinkel 111 guda ɗaya ya ratsa Sahara ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort-Lamy a Janairun 1942.

Abin da wasan ba ya ƙirgawa

Yaƙi a War Thunder yakan ƙare cikin mintoci kaɗan, kuma mafi yawan makin yana zuwa ne daga harbo jirgi ko rusa abin da ke ƙasa. Da wannan ma'auni, jirgi irin Blenheim zai ci gaba da zama abin dariya, domin aikin da ya ƙware a kai, wato kai ayari lafiya daga Kano zuwa Maiduguri cikin hazo, ba shi ne ake biya ba.

Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce yadda za a saka irin waɗannan jirage. Idan za a ƙara su, a ajiye su a gefe ga mai sha'awa, kada su tare hanyar wanda kuɗin intanet ɗinsa ƙididdigagge ne. A kuma ba su aikin da suka yi a tarihi: jagorantar ayari, leƙen asiri, neman hanya da man da bai wadata ba. Sannan bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashin kowane jirgi ya ambaci Takoradi, Kano da Fort-Lamy kamar yadda yake ambaton Beljiyam.

Malaman tarihi a makarantun sakandaren Buza ko Keita ma suna da abin ɗauka a nan. Darasin yaƙin duniya na biyu yakan zo wa ɗalibi kamar labarin Turai zalla. Yaron da ya tuƙa Blenheim a waya jiya da dare, aka harbo shi sau biyar, zai saurara da kyau idan aka gaya masa cewa wannan jirgin ya sha mai a Kano, kuma kakanninsa da suka je fatauci can a shekarun 1940 suna iya kasancewa cikin waɗanda suka ɗaga kai suka gan shi yana wucewa gabas da ƙananan jirage a bayansa.