Faifan Elvis Presley Da Kasuwa Ta Raina

Yau muna so mu ja hankalin masu karatu zuwa ga wani faifan garmaho da aka buga a ƙasar Amurka ran 8 ga watan Afrilu, 1960. Mai waƙar shi ne Elvis Presley, wanda mutanensa suka yi wa laƙabi da sarkin kiɗan rok-an-rol. Sunan faifan kuwa Elvis Is Back!, watau Elvis ya komo. Duk wanda ya san mawaƙin nan, da wuya ya rasa sanin waƙoƙinsa biyu ko uku, amma in ka tambaye shi wannan faifai sai ka ga ya yi zuru. Mu kuwa a ganinmu, cikin abin da Elvis ya bari babu inda gwanintarsa ta fito fili kamar nan. Ga shi kuma rainin da kasuwa ta yi wa faifan ya jawo wa mai shi hasarar shekara takwas cikin shekarun ƙarfinsa. Shi ya sa labarin ya isa a ba da shi.

Asalinsa

An haifi Elvis ran 8 ga Janairu, 1935, a wani ƙaramin gari, Tupelo, cikin jihar Misisipi. Iyayensa talakawa ne. A 1948 suka yi ƙaura zuwa birnin Memfis, can ya girma yana jin kiɗa iri uku. Akwai waƙar majami'a, akwai ta fararen manoma na ƙauye, sa'an nan akwai buluz, watau waƙar kukan zuci ta baƙaƙen fatan Amurka. Gamin waɗannan uku shi ne ya haifi rok-an-rol. A 1954 wani mai ɗaukar waƙa, Sam Phillips, ya fara buga masa faifai. A ƙarshen 1955 babban kamfanin RCA Victor ya saye shi daga hannun Phillips a kan dala 35,000. Kafin shekarar 1956 ta ƙare, babu mawaƙin da samari da 'yan matan Amurka ke so kamarsa.

Yana cikin wannan tashe sai Gwamnati ta kira shi soja, kamar yadda doka ta ɗora wa samarin ƙasar a zamanin. Ya shiga ran 24 ga Maris, 1958. Cikin watan Agusta na shekarar mahaifiyarsa ta rasu, ba da daɗewa ba aka tura shi Jamus. Ba a sallame shi ba sai ran 5 ga Maris, 1960, yana da igiyar saje.

Abin da ya tarar

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sa'ad da Elvis ya komo, ya tarar da fagen ya sāke. Little Richard ya bar kiɗa tun 1957 ya koma wa'azi. Jerry Lee Lewis ya zub da mutuncinsa a 1958 saboda wani aure da ya yi. Buddy Holly ya mutu a haɗarin jirgin sama cikin Fabrairu, 1959. Chuck Berry kuma an kama shi a ƙarshen shekarar, yana fuskantar shari'a. Waɗansu sabbin samari masu sanyin murya su suka cika rediyo. Shi kansa Elvis rabonsa da ɗakin ɗaukar waƙa tun watan Yuni, 1958. Ba shi da tabbacin ko jama'a za su sake karɓarsa, kamfanin ma haka.

Amma bai yi zaman banza a Jamus ba. Da an tashi daga aiki sai ya koma gidan da ya kama haya a garin Bad Nauheim, ya zauna ga piyano, ya yi ta waƙa. Yana da wani aboki soja, Charlie Hodge, wanda ya taɓa waƙa cikin ƙungiya, shi ya riƙa nuna masa dabarun riƙe numfashi da hawa da murya. Saurayin da ya tafi da ƙarfin maƙogwaro da rawar ƙafa, sai ga shi ya komo yana da shekara 25, muryarsa ta nuna, tana hawa tana sauka yadda ya ga dama.

Dare biyu a Nashbil

Bayan sallamarsa da mako biyu aka kai shi birnin Nashbil, ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin. Daren 20 ga Maris aka kwana ana aiki, aka ɗauki waƙa 6. Daren 3 ga Afrilu aka sake zama tun almuru har hantsi ya kusa, aka ɗauki 12. Waƙa 18 ke nan cikin dare biyu. Bayan kwana huɗu da zaman na biyu faifan ya shiga kanti.

Makaɗan da suka taya shi ba kanwar lasa ba ne. Akwai abokansa na dā, Scotty Moore mai jita da D. J. Fontana mai ganga. Aka ƙara da gwanayen Nashbil: Hank Garland a jita, Floyd Cramer a piyano, Buddy Harman a ganga ta biyu, Bob Moore kuma yana riƙe da ƙaton gogen nan na Turawa mai kaurin murya wanda a ke kaɗawa da yatsa. A dare na biyu Boots Randolph ya zo da ƙahonsa na ƙarfe, wanda a ke kira saksofon. 'Yan amshi su ne mutum huɗun nan da a ke kira Jordanaires. Dukansu ɗaki ɗaya suka tsaya, kiɗa da waƙa lokaci guda. In wani ya yi kuskure sai a koma farko. Mai kula da injin, Bill Porter, ya ɗauki sautin tsaf, kuma wannan ne babban faifan Elvis na farko da ya fito da tsarin sitiriyo, watau sauti ya rabu biyu, dama da hagu, har mai sauraro ya san inda kowane makaɗi ya ke tsaye.

Abin da ke ciki

Waƙa 12 ke cikin faifan, shida kowace fuska. Ba za mu bi su ɗaya ɗaya ba, huɗu sun isa su nuna abin da mu ke nufi.

Ta farko ita ce Fever, wadda Little Willie John ya yi a 1956, Peggy Lee ta sake yi a 1958. A nan Elvis ya sallami jita da piyano da 'yan amshi. Daga ƙaton gogen nan sai ganga, sai ɗas ɗas na yatsunsa. Mawaƙin da ya yarda a yaye masa kiɗa haka ba shi da wurin ɓuya, gama ko numfashi ya ja ba daidai ba za a ji. Ya rera ta a hankali, ƙasa ƙasa, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya inda ba a bukata.

Ta biyu, I Will Be Home Again, tsohuwar waƙa ce ta wata ƙungiyar baƙaƙen fata mai suna Golden Gate Quartet, wadda Elvis ya ke girmamawa tun yana yaro. Shi da Charlie Hodge suka haɗa murya a kanta, kamar yadda suka saba yi a Jamus. Waƙar mai kewar gida ce, kuma sojoji biyu da suka san kewar suka rera ta.

Ta uku, Such a Night, ta Clyde McPhatter ce da ƙungiyarsa, tun 1954. A nan za ka ji raha da wasa, murya tana tsalle tana zolaya, ganguna biyu suna kora ta har ƙarshe.

Ta huɗu ita ce gwarzuwar. Reconsider Baby waƙar buluz ce ta Lowell Fulson, ita ma ta 1954, ita aka ɗauka ƙarshe da asubar 4 ga Afrilu, ita kuma ta rufe faifan. Elvis da kansa ya riƙe jita ya buɗe ta. Da ya yi 'yan baitoci sai ya ja da baya ya sakar wa Boots Randolph fage, ƙaho ya yi ta kuka, shi yana daga gefe yana zuga shi. Duk mai cewa Elvis kyan fuska ne kawai da girgiza, a sa masa wannan.

Abin lura shi ne, cikin rabin sa'a mutum ɗaya ya yi buluz, ya yi waƙar soyayya mai taushi, ya yi ta rawa, ya yi mai kama da ta majami'a, ko wacce kuma ka ji sai ka ce ita ce sana'arsa. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya, yawancin ƙarfin faifan daga rumbun baƙaƙen fata aka ɗebo shi. Fulson da McPhatter da Little Willie John duk baƙaƙe ne, haka Otis Blackwell da Jesse Stone waɗanda suka rubuta biyu daga cikin waƙoƙin. Elvis bai taɓa ɓoye wannan ba, ko da ya ke shi ya sami suna da dukiyar da su ba su samu ba. Ba mu kuma ce faifan ba shi da aibi ba. Akwai waƙa ɗaya ko biyu marasa nauyi, waɗanda da an cire su ba wanda zai yi kuka.

Me ya sa aka manta da shi?

Dalili na farko, al'adar ciniki ce ta zamanin. Faifai iri biyu ne. Akwai ƙarami, mai waƙa ɗaya kowace fuska, shi samari ke saye, shi kuma a ke sawa a rediyo. Akwai babba mai faɗin inci 12, mai tsada. Manajan Elvis, Kanar Tom Parker, ba ya son a sa waƙar ƙaramin faifai cikin babba. Saboda haka waƙa 6 cikin 18 ɗin nan aka ware su. Uku daga cikinsu, Stuck on You da It's Now or Never da Are You Lonesome Tonight?, ko wacce sai da ta zo ta ɗaya a Amurka cikin 1960. Babban faifan ya fita kasuwa ba ko ɗaya cikinsu. Kamar mutum ne ya kai turken shanu kasuwa bayan ya zare manyan bijimai uku ya sayar dabam.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Kafin watan Afrilu ya ƙare, Elvis ya tafi Holiwud don wani wasan sinima mai suna G.I. Blues, labarin wani soja mawaƙi a Jamus. Waƙoƙin wasan masu sauƙi ne, har akwai wadda ya ke rera wa 'yar tsana. Da aka buga su a faifai a ƙarshen shekarar, sai ya zo na ɗaya a Amurka, ya yi mako 10 a nan. Elvis Is Back! kuwa a na biyu ya tsaya, ko da ya ke a Ingila ya zo na ɗaya, kuma cinikinsa bai ko kusa da na sinimar ba. Faifan wani wasan na 1961, Blue Hawaii, ya yi mako 20 yana na ɗaya.

To, masu karatu da yawa sun san aikin littafin kuɗi, sun san yadda mai riƙe da shi ke tunani. Kanar Parker ya dubi shafi biyu. Ɗaya aikin ƙwarai, riba kaɗan. Ɗaya aikin sauƙi, riba mai yawa, ga kuɗin sinima a kai. Bai yi wata wata ba. Daga 1960 zuwa 1969 Elvis ya yi wasan sinima 27, yawancinsu labari ɗaya ne a ke sāke wa riga. Waƙoƙin kuma sai suka yi ta lalacewa, don an fi karɓar na marubutan da suka yarda su ba kamfanin Elvis kashi cikin ladansu, gwanaye kuwa ba su cika yarda ba. Abin har ya kai a 1965, don tsimin kuɗi, aka ɗebo waƙa biyu daga cikin faifan nan da aka raina aka cusa cikin wani wasa mai suna Tickle Me. Daga 1962 har 1969 bai sake samun waƙar da ta zo ta ɗaya a babban jerin Amurka ba. Cikin waɗannan shekaru ne samarin Ingila, su Beatles, suka zo suka karɓe fagen.

Sai a 1968 ya farka. Ya yi wani wasa a telebijin sanye da baƙar fata, yana zaune da tsofaffin makaɗansa Scotty Moore da Fontana, jama'a suka tuna ko shi wane ne. A 1969 ya koma Memfis ya ɗauki waƙoƙin da suka mayar masa da girmansa. Ya rasu ran 16 ga Agusta, 1977, yana da shekara 42.

Hukuncinmu

Akwai masu cewa soja ne ya kashe Elvis, wai duk abin kirkin da ya yi kafin 1958 ya yi shi. Mu ba mu yarda ba, shaidarmu kuwa faifan nan. Mutumin da ya yi dare biyun nan a Nashbil ya fi wanda ya tafi Jamus iya waƙa nesa. Abin da ya kassara shi daga baya ya zo, sa'ad da shi da manajansa suka bar littafin kuɗi ya zaɓa musu aiki. Ba ma kuma wanke shi sarai, gama babba ne, da ya ƙi da ba mai tilasta shi.

Da tsohuwar zuma a ke magani. Sai a 1999, bayan shekara 39, faifan ya sami lambar zinariya da a ke ba wanda aka sayar da rabin miliyan nasa a Amurka. Kamfanin kuma ya sake buga shi tare da waƙa shidan da aka ware, har mai sauraro ya iya jin aikin dare biyun gaba ɗaya. Shawararmu ga wanda ya same shi, ya bari sai dare ya yi, gari ya yi shiru, ya saurare shi daga farko har ƙarshe ba tsallake. In ya kai kan ƙahon Boots Randolph, sai ya yanke nasa hukuncin.