Albashin Ɗan Kanti Da Baitulmalin Amurka

A cikin wannan fitowa muna so mu ɗan yi magana a kan wani al'amari na ƙasar Amurka wanda mai karatu zai ji shi banbaraƙwai da farko. Abin da aka saba da shi dai shi ne, taimakon gwamnati na gajiyayyu ne, watau makafi da guragu da tsofaffi da wanda ya nemi aiki ya rasa. To, a can akwai miliyoyin mutane masu ƙarfi a jika, kullum su kan yi sammako su tafi aiki, su wuni a tsaye a kanti suna jera kaya ko suna karɓar kuɗi, a biya su albashinsu daidai, amma sai gwamnati ta cika musu kuɗin cefane da na asibiti kafin su ga ƙarshen wata. Abin tambaya shi ne, wannan kuɗi da ke fita daga baitulmali, wa aka taimaka da shi? Ma'aikacin, ko mai kantin?

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. A shekarar 1938 Amurka ta kafa dokar da ta yanke mafi ƙanƙantar ladan da za a biya ma'aikaci a awa guda. A lokacin sent 25 ne, sent ɗari kuwa ke yin dala ɗaya. Aka yi ta ƙara shi jefi-jefi, har a watan Yuli na 2009 ya kai dala 7 da sent 25. Daga nan fa Majalisa ta yi shiru, aka haura shekara 15 ba a ƙara ko anini ba, kayan masarufi kuwa ba su tsaya jiran kowa ba. Ladan 1968, dala 1 da sent 60, in an auna shi da abin da ya ke saye, ya yi kusan dala 14 a kuɗin 2023. Gaskiya ne ya zuwa 2024 wajen jihohi 30 cikin 50 sun yanka nasu ladan sama da na tarayya, amma sauran suna nan a kan na 2009.

Yanzu sai kowa ya ɗauki allonsa. Awa 40 a mako, a kan dala 7 da sent 25, dala 290 ke nan. Sau mako 52, ba hutu ba ciwo, ya zama dala 15,080 a shekara. A 2020 gwamnatin ƙasar da kanta ta ce gida mai mutum uku, a ce uwa da 'ya'yanta biyu, in abin da ke shigo musu bai kai dala 21,720 ba, to, matalauta ne. Kun ga saura dala 6,640 kafin matar nan ta taɓo ko da bakin iyakar talauci. Wannan ma in ta sami awa 40 ɗin ne. Kantuna da yawa ba su ba da cikakken mako, yau a ba ka awa 25, mako mai zuwa 32, ba ka san abin da za ka samu ba balle ka tsara. Dalili ɗaya shi ne, dokar 2010 ta ɗora wa manyan kamfanoni nauyin inshorar lafiyar duk wanda ya ke yin awa 30 ko fiye a mako, asibiti a Amurka kuwa tsada gare shi ƙwarai.

Ta ƙofa uku gwamnati ta kan cike wannan giɓi. Akwai taimakon abinci, wanda dokar 1964 ta tabbatar; da can takardu a ke bayarwa, yanzu kati ne, kuma tun 2008 a ke kiransa SNAP. Akwai Medicaid na 1965, mai biyan kuɗin asibitin masu ƙaramin ƙarfi. Sa'an nan akwai wani rangwamen haraji da aka fara a 1975, wanda mai aiki kaɗai ke samu: in albashinka kaɗan ne, musamman in kana da 'ya'ya, maimakon ka biya haraji sai ofishin haraji ya aiko maka da kuɗi sau ɗaya a shekara.

A watan Oktoba na 2020 ofishin da ke bin diddigin kuɗin gwamnati domin Majalisa ya fid da rahoto a kan wannan magana. Ya ce cikin manya masu aikin albashi da ke karɓar katin abinci ko Medicaid, wajen 70 cikin ɗari cikakken aiki su ke yi. A duk jihohin da suka ba da sunayen iyayen gidan waɗannan mutane kuwa, kamfanin Walmart yana cikin huɗun farko. A jihohi 9 kaɗai an ƙidaya ma'aikatansa wajen 14,500 masu katin abinci.

Walmart ɗin nan wani mutum ne wai shi Sam Walton ya buɗe kantinsa na farko a 1962, a garin Rogers na jihar Akansas. Dabararsa ita ce araha, riba kaɗan ciniki da yawa, har kamfanin ya zama yana da ma'aikata wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a Amurka, ba wani kamfani mai zaman kansa da ya kai shi. A watan Nuwamba na 2013 jaridu suka buga hoton wasu robobi da aka ajiye a wani reshensa a garin Canton na jihar Ohayo, ana roƙon ma'aikata su jefa abinci domin 'yan'uwansu ma'aikata mabukata su sami na biki. Har wa yau a cikin wannan wata aka rage kuɗin katin abinci a ƙasar duka, sai ga shi a Janairun 2014 kamfanin ya gaya wa masu hannun jari cewa ragin ya taɓa cinikinsa. Ashe katin nan sau biyu ya ke ratsa kantin: ya ciyar da mai jera kaya, kuɗin kuma ya dawo cikin akwatin ciniki.

A can sama kuwa labari dabam ne. A 2018 kamfanin ya bayyana cewa shugabansa ya sami kusan dala miliyan 23 a shekara, ma'aikacin da ke tsakiyar jeri kuwa dala 19,177, watau ninki 1,188. Masu bincike sun ce a 1965 shugaban babban kamfani a Amurka ya kan sami kamar ninki 20 ne na abin da ma'aikacinsa ke samu. Iyalin Walton kuma su ke riƙe da kusan rabin hannun jarin kamfanin.

Wanda ya karanta tarihin Ingila zai ga wannan ba sabon abu ba ne. A watan Mayu na 1795, lokacin da hatsi ya yi tsada ana yaƙi da Faransa, alkalan gundumar Berkshire suka taru a wani ƙauye mai suna Speenhamland. Da farko maganar yanka wa leburorin gona lada ce ta tara su, amma suka ɓuge da wata dabara. Suka ce in babban burodi ya kai sule guda, to, lebura ya kamata ya sami sule uku a mako, matarsa da kowane ɗa kuma sule ɗaya da sisi. Abin da ladansa ya gaza, a cika masa daga harajin matalauta. Masu suka suka ce ai an koya wa masu gonaki rowa ke nan, gama don me mutum zai ƙara lada alhali gari zai cika? A 1834 aka soke tsarin. Daga baya wasu masana tarihi, irin su Mark Blaug a 1963, suka ce an yi wa tsarin ƙazafi, ƙarancin lada ne ya haifi taimakon, ba taimakon ne ya haifi ƙarancin lada ba.

Gardamar nan ita ce a ke yi a Amurka, kuma a ganina ba za a raba ta ba sai an bambanta taimako da taimako. Rangwamen harajin nan, tun da sai mai aiki ke samunsa, ya kan jawo mutane da yawa su fito neman aiki, in masu nema sun yi yawa kuwa mai kanti ba ya buƙatar ƙara lada. Saboda haka wani kaso nasa lalle aljihun mai kanti ya ke faɗawa, ko da ya ke da sunan ma'aikaci aka rubuta shi. Katin abinci ba haka ya ke ba. Shi raguwa ya ke yi in albashi ya ƙaru, wajen sent 30 a kan kowace dala da ta ƙaru bayan an fid da abin da doka ta yafe. Uwar da ta san 'ya'yanta ba za su kwana da yunwa ba ta fi iya ƙin aikin wulakanci, domin mai jin yunwa ba ya ciniki. Wanda ya ce a soke katin don a hori masu kantuna, ma'aikacin zai fara hora.

Su ma masu kantin suna da ta cewa, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Sun ce wanda ya fi kowa yawan ma'aikata dole sunansa ya fito a saman kowane jeri. Sun ce ribarsu ba ta wuce sent biyu ko uku a kan dala guda ta ciniki ba, arahar kuma talaka ne ya fi cin moriyarta, kuma da ba su ba mutum aikin ba da abin da gwamnati za ta kashe a kansa ya fi haka. Sai dai sent biyu a kan cinikin da ya haura dala biliyan 600 a shekara ba abin rainawa ba ne.

To, me zai hana a ƙara ladan kawai? Tsoron da a ke ji shi ne kada a sallami mutane. A 1992 jihar Niyu Jasi ta ɗaga nata daga dala 4 da sent 25 zuwa dala 5 da sent 5, maƙwabciyarta Fensilbaniya ba ta ɗaga ba. Wasu malamai biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen abinci wajen 400 a ɓangarorin biyu, ba su ga aiki ya ragu ba. An yi ta musu da su, amma Card ya sami lambar Nobel a 2021. A wannan shekara kuma ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa in aka kai ladan tarayya dala 15, mutum wajen 900,000 za su fita daga talauci, amma ana iya rasa aiki miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ƙari kaɗan-kaɗan dai ba a ga ɓarnarsa ba. Babban tsalle ne har yanzu masana ba su haɗa baki a kansa ba.

Ma'aikatan su ma ba su zauna ba. A Nuwamban 2012 masu aiki a gidajen abinci na birnin Niyu Yok suka yi yajin aiki suna neman dala 15, abin ya bazu ƙasar duka. Walmart ya ɗaga ladan farawa zuwa dala 9 a 2015, dala 11 a 2018, sa'an nan dala 14 a 2023. Mu sake komawa kan allo da wannan na ƙarshe. Awa 30 a mako a kan dala 14 ya ba da dala 21,840 a shekara, iyakar talauci ta mutum uku a 2023 kuwa dala 24,860 ce. In an ba matar nan awa 40 cif, ta sami dala 29,120, ta haye iyakar. Amma ƙofar katin abinci ba ta rufuwa sai abin da ke shigowa ya haura iyakar da kashi 30 cikin ɗari, watau wajen dala 32,300, saboda haka ko a ranar da aka yi mata ƙarin tana da ikon kai takardarta ofishin taimako.