Rikicewar Allo Bayan Sauya Babbar Manhaja a Tsofaffin Kwamfutocin Tafi-da-Gidanka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da take yawan addabar masu tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, watau rikicewar hoton allo da zarar an ɗora wa na'urar sabuwar babbar manhaja. Abin da ake nufi da babbar manhaja shi ne manhajar da take tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, irin su Windows da Linux. Batun ya shafe mu ƙwarai, domin kuwa da yawa daga kwamfutocin da ke hannun malamai da ɗalibai a kwalejojinmu na hannu ne, an riga an more su a ƙasashen waje. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, sa'an nan ya tsai da tallafin yau da kullum na Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017. Wannan ya sa masu tsofaffin na'urori suke sauya manhaja, wasu kuma su koma Linux. Idan allo ya yi baƙi bayan haka, sau da yawa sai a yanke hukunci cewa ya mutu, ɗalibi ya kashe kuɗin da ba shi da su wajen sayen wani, ko kuwa a jingine na'urar da lafiyarta lau. Abin da takardar za ta nuna shi ne, lokacin da hoton ya ɓace shi ne yake nuna inda cutar take.

2.0 Yadda hoto yake isa ga allo

Abubuwa uku ne suke haɗa hannu kafin hoto ya bayyana. Na farko shi ne allon kansa, tare da fitilar da ke bayansa da wayar da take ratsa mahaɗar murfi. Na biyu shi ne guntun zane, watau ɗan ɓangaren da yake ƙirƙiro hoton, wanda galibi ƙirar Intel ne ko AMD ko Nvidia. Na uku shi ne direba, wata ƙaramar manhaja da take aikin tafinta tsakanin babbar manhaja da guntun zanen.

Idan aka kunna kwamfuta, tambarin kamfani da yake fara fitowa ba ya bukatar direba, domin manhajar da ke jikin injin, wadda ake kira BIOS, ita ce take zana shi. Sai can an yi nisa da tashi sa'an nan babbar manhaja take miƙa wa direba ragamar allo. To, ɗora sabuwar manhaja ba ya taɓa allo, ba ya kuma taɓa guntun zane. Tafintan kawai yake canzawa. Saboda haka shi ya kamata a fara tuhuma.

3.0 Matakan bincike

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Akwai gwaji huɗu da ba sa cin ko kwabo, ya kamata a yi su bi da bi.

Na ɗaya, a kashe na'urar a sake kunnawa, a lura da tambarin kamfani. Idan ya fito tsaf, hoton bai ɓace ba sai daga baya, to allo da wayarsa suna da lafiya.

Na biyu, idan tambarin ma bai fito ba, a haska tocila a fuskar allon daga gefe. In an hango rubutu dishi-dishi, hoton yana nan, fitilar baya ce ta ɗauke.

Na uku, a jona wani allo ko talabijin ta kafar VGA ko HDMI. In hoto ya fito a can, guntun zane yana aiki, sai a koma ga allon na'urar da wayarsa.

Na huɗu, a tayar da kwamfutar daga filashar da aka zuba wa Linux, ba tare da an ɗora shi ba. In hoto ya fito daidai, an wanke injin daga zargi.

4.0 Siffofin matsalar da maganinsu

4.1 Hoto mai faɗi. A Windows, idan ba a sami direban da ya dace ba, manhajar takan yi amfani da na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Alamarsa ita ce rubutu ya yi kauri, da'ira ta koma kamar ƙwai, hasken allo kuma ya ƙi raguwa. Dalili shi ne, allon da aka ƙera da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye ana tilasta masa hoto mai ɗigo 1024 a kwance. Maganinsa shi ne a nemo direban ainihi daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta. Sau da yawa direban Windows 7 ko 8 yakan yi aiki a Windows 10.

4.2 Baƙin allo a Windows. Wani lokaci manhajar tana aika hoton ne zuwa allo na biyu da babu shi; danna maɓallin Windows tare da harafin P yana ba da damar dawo da shi. In hakan bai yi ba, a katse tashin na'urar sau biyu ko uku a jere, za ta buɗe shafin gyara. Daga nan a shiga yanayin kariya da ake kira Safe Mode, a cire direban da ya kawo rikicin.

4.3 Baƙin allo a Linux. Tun daga 2009 zuciyar Linux ce take saita allo da kanta tun farkon tashi, kuma a wasu tsofaffin guntayen zane a nan ne hoto yake ɓacewa. A Ubuntu da danginsa, idan jerin zaɓin GRUB ya fito, a danna harafin e, a rubuta kalmar nomodeset bayan quiet splash, a danna F10. Ya kamata a gane cewa wannan tsani ne na shiga kawai, domin yana hana direba cikakken aiki. Bayan an shiga sai a saka direban da ya dace, a cire kalmar.

4.4 Na'ura mai guntun zane biyu. Daga 2010 Nvidia ya fito da tsarin Optimus, inda guntun Intel yake ɗauke da allo, na Nvidia kuma yake taimakawa a aiki mai nauyi. A irin wannan na'ura, direban Intel ake fara sakawa. Inda BIOS ya ba da zaɓi, kashe guntun na biyu yakan kawo ƙarshen rikicin, batir ma ya ƙara daɗewa.

5.0 Inda manhaja ba ta da magani

Akwai iyaka ga abin da direba zai gyara. Allon da yake ƙyafƙyafta idan an motsa murfi, wayarsa ce ta gaji. Layuka masu launi da suke fitowa tun a kan tambarin kamfani, a allon na'urar da na waje duka, alama ce ta lalacewar guntun zane; a 2008 Nvidia da kansa ya amsa cewa wasu guntayensa na kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da irin wannan aibi na zafi. Har ila yau, kamfanin ya rufe tallafin tsofaffin direbobinsa na jerin 340 a 2019, da na 390 a ƙarshen 2022, don haka masu irin waɗannan guntaye a Linux sukan dogara ga direban Nouveau, wanda masu sa kai suka rubuta.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa hoton da ya fito da farko sa'an nan ya ɓace, direba yake nunawa; wanda bai fito ba sam, shi ne yake kai mu ga ƙarfe da waya. Rigakafi ya fi magani: kafin a goge tsohuwar manhaja, a rubuta sunan guntun zane, a sauke direbansa a filasha, a kwashe takardun aiki, a kuma gwada sabuwar manhajar in da hali. Shawara ga sassan koyar da ilimin kwamfuta a kwalejojin ilimi ita ce a shigar da gwaje-gwajen nan huɗu cikin darasin aikin hannu, domin ɗalibin da muke horarwa yau shi ne zai riƙe kwamfutocin makarantar da babu mai gyara kusa da ita.