Harafi ɗaya a cikin jinin mai sikila

Yaron da ke kwana yana kukan ciwon ƙashi da wansa mai ƙoshin lafiya, uwa ɗaya uba ɗaya, harafi guda ne ya raba su. A kan kromosom na 11 akwai umarnin da jiki ke bi wajen ƙera himoglobin, sinadarin da ke dakon iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Inda ya kamata a karanta GAG, sai a tarar da GTG. Wannan ke sa amino asid mai suna balin ya zauna a gurbin gulutamik asid, a matsayi na 6 cikin jerin 146. Linus Pauling ne ya nuna a 1949 cewa aibin yana jikin himoglobin ɗin kansa, Vernon Ingram kuma ya gano musanyar a Kambirij cikin shekarun 1950.

Balin ba ya jituwa da ruwa. Da zarar himoglobin ya sauke oksijin, sai ya riƙa manne wa 'yan'uwansa, su zama dogayen zaruruwa masu tauri, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. A haka take maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, wannan kuwa da ƙyar take wuce 20, shi ya sa ake yawan ƙarin jini.

To, me ya sa sikila ta yawaita a ƙasashenmu? Sauro ne. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai AS, wato wanda ya gaji harafin sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, don haka gadon ya yaɗu inda sauro ya yi katutu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fahimtar lissafin. Idan AS ya auri AS, damar haifar SS, wato mai sikila, ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki, ba layi ake bi ba. Ana iya jera uku masu sikila, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Kuma daga uba da uwa ake gadonta, don haka zalunci ne a ɗora wa matar laifi. Auren zumunci ma yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu AS biyu.

Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, kuma ta kyauta. Sai dai gwajin da aka yi bayan an sa rana, an kai lefe, ya zo a makare, domin a lokacin ba kowa ke iya cewa a fasa ba.