Katin Tarot a Hannun Masu Bin Koyarwar Buda

Katin tarot wasan karta ne tun asali. A ƙarni na 15 aka fara buga shi a fadojin Milan da Ferrara da ke arewacin Italiya. Sai a 1781 wani marubuci a Faransa, Antoine Court de Gébelin, ya ce katunan na ɗauke da asirin tsohuwar Masar. Bai kawo hujja ba, amma maganar ta bi gari, karta ta koma kayan duba. A 'yan shekarun nan kuma, wasu masu karanta katunan nan 78 a Amurka da Turai sun shiga fassara su da koyarwar Buda.

Ga yadda suke yi. A katunan da Pamela Colman Smith ta zana aka fitar a 1909, kati na 13 kwarangwal ne sanye da baƙin sulke bisa farin doki, sarki na kwance a ƙasa, kambinsa ya faɗi. Wanda ya je duba zai iya tsorata da ganinsa. Mai fassara da koyarwar Buda kuwa zai ce masa tunatarwa ce cewa babu abin da ke dawwama, ko mulki, ko aure, ko baƙin ciki. Kati na 16, hasumiyar da aradu ta faɗa wa har mutum biyu ke rikitowa, ya zama darasi kan ƙwallafa rai a abin da zai rushe.

Me ya haɗa su? Tarot ne ya fara sauya hanya. Mabiyan Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam, sun mai da hotunan abin binciken zuciya, musamman bayan littafin Sallie Nichols na 1980. A lokaci guda addinin Buda na shiga Yamma a tace: an bar sufaye da ibadu, an ɗauki zaman natsuwa kaɗai, irin wanda Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts a 1979. Masu buga littattafai ba su yi sanya ba. Osho Zen Tarot ya fito a 1994, sannan Buddha Tarot na Robert Place a 2004, wanda ya jera manyan katunan bisa tarihin rayuwar Siddhartha Gautama, wato Buda kansa.

Amfanin da aka samu a fili yake. Mutumin da ya zo yana tambayar abin da gobe za ta haifar, an mayar da shi ga halinsa na yau, kuma wannan ya fi a sallame shi da fargaba.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Nassin Brahmajala, ɗaya daga tsofaffin nassoshin addinin, ya lissafa duba cikin ƙasƙantattun sana'o'in da Buda ya ƙaurace musu. Gaskiya ne mabiyansa ba su bar duba ba: 'yan Tibet na da Mo, da ake yi da jefa ƙwayoyi irin na ludo, kuma tarot na da kasuwa sosai a Thailand. Amma yawan masu yin abu bai mai da shi koyarwa ba. Babbar matsalar ma ta fi wannan zurfi. Tarot irin na mabiyan Jung na taimaka wa mutum ya gano ainihin kansa, alhali Buda ya koyar da cewa babu wani tsayayyen kai da za a gano. Wanda ya san addinin ta hanyar katuna kaɗai zai tafi da kalmomi masu sanyaya zuciya, ba tare da horon ɗabi'a da ke ƙarƙashinsu ba.

A wannan haɗin, tarot ne ya ci riba, domin ya samu martaba da zurfin da bai gada ba. Addinin Buda kuwa ya rasa abin da ya fi muhimmanci a koyarwarsa.